Labarin da Aka Ɓoye wa Zalmai

Guangzhou, 14 ga Afrilu, 2008

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Malam Ƙasimu da yara. Ki gaishe min da Inna gaisuwa ta musamman. Ran Juma'a da na kira ta layi bai bar mu mun yi magana ba, "lafiya lau" kawai na ji sai ya katse. Ni ma ƙalau nake, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, wanki ba ya bushewa a garin nan. Alhaji Illa mai takalma ne zai kawo miki wannan, ya gama lodi a kasuwar Zhanxi Lu. Yajin da kika aiko ta hannunsa ya iso, na gode.

Kin tambayi koyarwar da na ce na fara. Karatun Sinancina da safe ne. Wasu ɗalibai 'yan Afganistan da muke haɗuwa a masallacin Juma'a suka ji na yi digirin Turanci a Kano, suka roƙe ni in riƙa koya musu da yamma. Nahawu kam sun iya shi, wasunsu ma sun fi ni kiyaye doka. Abin da ke kayar da su shi ne salon magana, inda Bature zai faɗi abu yana nufin wani. Na ce musu wanda ba ya jin daɗin jikinsa cewa yake yana "under the weather", wato ƙarƙashin yanayi. Ɗaya ya leƙa taga ya ce, "Ustad, ai dukkanmu a ƙarƙashinsa muke." Ustad shi ne malam a wurinsu. Su kuma suka tambaye ni yadda a Turance ake ce wa mai aiki kada ya gaji, don haka suke gaisawa a ƙasarsu. Na ce Bature ba shi da wannan, amma mu muna da sannu da aiki. Tun daga ranar suka ɗauke ni nasu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A cikinsu akwai Zalmai, ɗalibin likitanci da ke gab da gamawa. Ƙarshen Yuli zai zauna jarrabawar Turanci, idan ya ci za a ba shi gurbin ƙaro karatu kyauta, idan ya faɗi gurbin ya wuce ke nan. Ubansa ya daɗe da rasuwa, ƙannensa shi suke kallo. Makon jiya abokinsa Mirwais, wanda suka fito gari ɗaya, ya tsayar da ni bayan darasi ya ce mahaifiyar Zalmai ta rasu farkon watan nan. Kawun Zalmai ne ya bugo wa Mirwais, ya ce kada wanda ya gaya masa sai ya gama jarrabawa. Shi kuma sun ce masa ta tafi ƙauye wurin ɗan'uwanta, can cikin duwatsu inda waya ba ta shiga. Duk ajin sun sani, sai shi. Mirwais ya ce haka suke yi wa wanda yake nesa, ya roƙe ni in rufe bakina.

Yaya, kin san dalilin da ya sa ke nake gaya wa. Lokacin da Baba ya rasu ina Zariya ina jarrabawar gama sakandare, ke kika rubuto min cewa yana gaishe ni, ya ce in dage. Na dawo na tarar da shagon ɗinkinsa a kulle, an kusa arba'in. Ban taɓa yi miki zancen ba, kuma ba rigima nake nema yau ba. Amma ga shi an ɗora min irin kayan nan, kullum sai na kalli yaron nan yana dariya. Ni dai ban ga yadda za a yi mutum ya yafe wa wanda ya shirya masa irin wannan ba. Ki ba ni shawara, in gaya masa ko in yi shiru.

Ƙaninki,
Huzaifa

Kano, 20 ga Mayu, 2008

Huzaifa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Da muka ji girgizar ƙasar da aka yi a Sin a rediyo hankalin kowa ya tashi, sai da Malam ya nuna mana a taswira cewa wurin da nisa da ku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Inna ta dawo gidana da zama, rufin ɗakinta yana yoyo kuma damina ta kawo kai. Tana nan, sai jikin tsufa.

Na karanta takardarka, na ajiye ta kwana da kwanaki kafin na iya amsawa. Ka ce ba rigima kake nema ba, sannan ka rubuta cewa ba ka ga yadda za ka yafe ba. Malamin Turanci, ko mu da ba mu je ƙasar waje ba mun san idan ana yi da mutum. Shekara goma sha biyu kana cin abincina, kana min dariya, ashe abin yana ranka.

Bari ka ji yadda aka yi, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Ranar sadakar uku Kawu Dogara ya kira ni zaure, ya miƙo min takarda da biro, don ni kaɗai ce mai boko a gidan. Ya tsaya a kaina yana faɗa ina rubutawa. Ina da shekara goma sha tara, idona bai ma washe daga kuka ba. Da na zo inda zan sa "Baba yana gaishe ka" hannuna ya ƙi, Kawu ya ce in rubuta ko ya nemo ɗan makwabta ya rubuta, ka ga baƙon rubutu ka gane. Na rubuta. Kai ka sha wuya ranar da ka dawo, ban musa ba. Amma ni na yi makonni ina jiran ranar, ina tunanin da wane ido zan kalle ka.

To ka ci jarrabawar ko ba ka ci ba? Da ita ka shiga jami'a, da ita yau kake zaune a Sin kana koya wa mutane yadda ake shiga ƙarƙashin yanayi. Da an gaya maka, da ka baro Zariya a ranar, kuma Baba ba zai tashi ba.

Shawarata ka yi shiru. Uwar yaron nan ta riga ta tafi, ba abin da zai ƙara mata ko ya rage mata. Danginsa sun fi ka sanin gidansu, kai baƙo ne a cikin maganar. Idan ka fasa ta ya faɗi jarrabawa, ƙannensa ba su san wani Huzaifa ba balle su zo ka ciyar da su. Ka koya masa Turancinsa, ka yi wa uwarsa addu'a a ranka.

Na sa maka kuka da daddawa, ka duba ƙasan jakar Alhaji Illa. Ka riƙa cin abinci, hoton da ka aiko duk ka bushe.

Yayarka,
Mas'uda

Guangzhou, 9 ga Yuni, 2008

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara, da Inna. Ina lafiya. Kuka da daddawa sun iso, sai dai makwabcina Basine ya ƙwanƙwasa min ƙofa yana tambaya ko wani abu ne ya lalace a ɗakina.

Wallahi kawun Zalmai nake nufi da maganar yafiya, ba ke ba. Amma na sake tunani bayan na karanta taki, na ga ba ki yi kuskure sosai ba, akwai ragowar abu a raina da ban san yana nan ba. Ban san Kawu ya tsaya a kanki ba. A zatona kin zauna ne a natse kin tsara ta. Ki yi haƙuri.

Na bi shawararki, na yi shiru, amma shirun yana cina. Akwai ɓangaren baka a jarrabawar, shi ya sa nake sa kowa ya tashi ya gina jimla da salon da muka koya. Makon jiya muka yi "over the moon", wato murna ta kai mutum har ya haye wata. Zalmai ya miƙe ya ce idan ya koma gida da takardar likita, haka mahaifiyarsa za ta yi. Jimlar daidai take, ko ɗigo ban gyara ba. Mirwais ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ni ne na ce madalla, na kira na gaba.

Ran Asabar kuma ya roƙe ni in raka shi kasuwar kayan lantarki a Tianhe, don na fi shi iya ciniki da Sinanci. Na'urar awon jini yake so ya saya mata, ya ce takan yi ciwon kai. Mun shiga shago ya fi biyar, wannan ya ce meyo, wato babu, wancan ya tsawwala. Da muka samu, sai ya sa mai shagon ya ɗaura ta a hannuna a gwada. Ya duba ya ce, "Ustad, jininka ya hau, me ke damunka?" Bakina ya buɗe, saura kaɗan. Sai na ce zafin garin ne. Na taya shi ya samu ragi, aka naɗe masa ita a takarda mai kyau. A jirgin ƙasa ya rungume ta a ƙirji don kada a matse ta. Na ji kunyar kaina ranar fiye da yadda zan iya rubutawa.

Gari kuma ya canza saboda wasannin Olamfik. An tsaurara biza, ana yawan duba takardu a unguwarmu, 'yan kasuwa da yawa sun tattara sun tafi. Tawa za ta ƙare a Oktoba, makaranta ta ce za a sabunta min idan ina nan. Wanda ya fita kuwa, ba wanda zai ba shi tabbacin dawowa. Don haka hutun da na ce zan zo, ku cire rai sai baɗi.

Jiya na samu Inna a waya. Muryarta ta yi ƙasa, tana magana tana tsayawa. Ta ce barci na tashe ta. Ki sa a gyara rufin nan, na san ba ta son zama gidan suruki.

Ƙaninki,
Huzaifa

Guangzhou, 18 ga Agusta, 2008

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Wata biyu ke nan ban ga rubutunki ba. Na ji Alhaji Illa bai samu biza ba, ina fata wannan ne dalili, ba fushi ba. Wannan Hajiya Balkissa ta Maraɗi ce za ta ajiye miki, ta Kano za ta bi.

An gaya wa Zalmai, kuma ni na gaya masa.

Ana gobe jarrabawa Mirwais ya zo ya ce a wurinsu babba ne ke faɗin irin wannan labari, tsara ba ya faɗa wa tsara. Ba su da dattijo a nan, malami kuwa matsayin uba gare shi. Na nemi zamewa, ya ce to wa zai yi. Na zauna ina haɗa Turancin da zan yi amfani da shi. Bature yana da hanyoyi da yawa na kewaya mutuwa, ya ce mutum ya wuce, ko ba ya tare da mu, ko an rasa shi. Ni da kaina na koya musu su, har na ba su maki a kai.

Washegari bayan la'asar muka taru a ɗakin Mirwais. Sun jingine gado, sun shimfiɗa barguna a ƙasa, sun ajiye Alƙur'ani a tsakiya. Sun dafa wata alewa ta gari da mai da sukari, wadda suke yi idan an yi rasuwa. Muka jiyo Zalmai tun daga matakala yana ba wani labari, wai mai jarrabawar ta yi murmushi da ya jefa mata salon magana. Ya iso ƙofa ya ga takalma a jere, ya ji ƙamshin alewar. Bai shigo ba. Ya riƙe ƙofar ya ce, "Waye?"

Duk abin da na haɗa ya gudu. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan na ce masa mahaifiyarka ta mutu, da Turancin ɗan aji ɗaya. Ya cire takalmansa ya jera su kusa da namu, ya zo ya zauna. Ya tambayi yaushe, Mirwais ya faɗa masa. Ya daɗe yana kallon bargo. Sannan ya juyo ya ce, "Ustad, ranar da muka je Tianhe ka sani?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, ya jawo Alƙur'anin. Sai da ya fara karatu kukan ya zo.

A waje gari ya cika da tutoci, kowane shago talabijin na nuna shirye-shiryen wasanni, mu kuma muka yi kwana uku muna zaman makoki a ɗaki guda. Sakamako ya fito makon jiya, ya ci.

Shekaranjiya ya zo ɗakina. Na ɗauka faɗa ya kawo, na kuma shirya karɓa. Ya ce ba ya riƙe da kowa a kan ɓoye rasuwar, da shi ne a wurin Mirwais haka zai yi. Amma ya yi magana da ƙanwarsa, ta gaya masa uwar ta kwanta tun lokacin sanyi, wata uku tana jinya. Duk tsawon lokacin yana kiranta tana ce masa lafiya lau, ana tallafe ta a zaune kafin a miƙa mata waya. Ya ce, "Mutuwa ba abin da zan iya yi mata. Amma wata ukun nan nawa ne, Ustad. Likita nake karanta. Ko ban warkar da ita ba, da na zauna kusa da ita. Da sun bar ni na zaɓa."

Yaya, yanzu na ɗanɗana abin da kika ɗanɗana a zauren nan, kuma nawa bai kai naki ba, don ba uwata ba ce. Babu komai tsakanina da ke, har ga Allah. Sai dai tun da yaron nan ya fita nake tuna muryar Inna. Duk sanda na kira ke ce kike ɗauka, sai an jima kike miƙa mata. Wataƙila zargi ne kawai ya kama ni. Ki gaya min ko an gyara rufin.

Ƙaninki,
Huzaifa

Kano, 7 ga Satumba, 2008

Huzaifa,

Wa'alaikumus salam, barkanmu da shan ruwa. Yara lafiya, Malam yana gaishe ka. Ka yi wa Zalmai ta'aziyya a madadina. Alhaji Illa ya samu biza, gobe zai taso, shi ya sa nake sauri.

Rufin ɗakin Inna lafiyarsa ƙalau. Ita ce ba lafiya.

Tun watan Afrilu ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Likita ya ce zuciya ce, ta yi rauni, magani sai dai ya rage mata wahala. An kwantar da ita a asibiti cikin Yuli, shi ya sa ka ji ni shiru. Ko da Alhaji Illa ya samu biza a lokacin ba zan rubuto ba, don ban san ƙaryar da zan ƙara ba. Yanzu tana gida. Ba ta iya kwanciya sosai, a jingine take barci. Idan ka kira, sai na ɗaga ta na ba ta ruwa ta huta kafin in miƙa mata, kamar yadda ka zata.

Wannan karon ba Kawu ba ne, ita da kanta ta hana. Da na karanta mata inda ka ce wanda ya fita ba lalle ya dawo ba, ta kama hannuna ta ce idan na gaya maka ba ta yafe ba. Ka san Inna ba ta faɗin wannan kalma da wasa. Na riƙe mata har takardarka ta ƙarshe ta zo. Na karanta maganar yaron nan a tsaye a madafi, na kasa ƙarasa girkin buɗa baki. Na yi kwanaki ina auna fushinta da naka, na ga nata zan iya durƙusawa in roƙa tun tana ji.

Ban kira ka a waya ba don a ɗakina take, kunnenta kuwa bai tsufa ba.

Ba zan ce maka ka zo ba, ba zan ce ka zauna ba. Na san abin da za ka rasa idan ka fito, shekara biyu na karatu da wahalar da aka sha kafin ka tafi. Idan ka zauna ba wanda zai zarge ka, ni ce zan fara tare maka. Na tambayi likita ko za ta kai baɗi, ya ce rai na Allah ne, amma idan akwai na nesa a sanar da shi. Iyakar abin da na sani ke nan, ban rage maka komai ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ka kira ta kana kuka. Idan ka yanke shawara ka gaya wa Malam a wayarsa, ni zan san yadda zan yi da ita.

Ba ta cika magana ba yanzu. Amma kullum idan an kira azahar sai ta tambaye ni ko kun sha ruwa a can, in ce mata kun sha, ta ce to alhamdulillahi, yaron nan ba ya jure yunwa.

Yayarka,
Mas'uda